Ganuwa biyu a bakin kogin Narva: me ke tsakanin Istoniya da Rasha?

Auwalu Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun ranar Lahadi da na dawo daga Narva nake son rubuta wannan, sanyi da aikin makaranta suka hana. Ga waɗanda ba su sani ba, shekarata biyu ke nan ina karatu a Talin, babban birnin Istoniya, ƙasar da mutanenta gaba ɗaya ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Narva kuwa can ƙuryar gabas take, tafiyar kamar awa biyu da rabi a jirgin ƙasa. Kogi ne ya raba ta da Rasha, kuma ba wani faɗi gare shi ba, mai ƙarfin murya in ya ƙwala kira za a amsa masa daga tsallake. A wannan gaɓar akwai tsohuwar ganuwa da tutar Istoniya a samanta. A waccan gaɓar ga ganuwar Ivangorod da Sarki Ivan na Uku ya gina a 1492, da tutar Rasha. Sun yi cirko-cirko suna kallon juna kamar zakaru. Gadar da ta haɗa su wai sunanta Gadar Abota, amma tun Fabrairun 2024 mota ba ta hawa, sai da ƙafa. Na ga layin masu jiran tsallakawa, yawancinsu tsofaffin mata da jakunkuna masu taya, suna ta buga ƙafa a ƙasa saboda sanyi.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, duk allunan garin da Istoniyanci aka rubuta su, amma yini guda na yi ban ji mai magana da shi ba, Rashanci kawai. Abokin karatuna da muka je tare, ɗan Istoniya ne gaba da baya, da ya tashi sayen shayi sai da Turanci suka fahimci juna da yarinyar shagon. A ƙasarsa fa! Shi ne na ce bari in kawo zaure: wannan tsamin dangantaka daga ina ya samo asali, kuma wa ya fi gaskiya?

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ai wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Yamma ce ta zuga su. A 2004 suka shiga NATO, suka kawo wa Rasha bindiga har bakin ƙofa. Ƙasa kamar tafin hannu tana tsokanar giwa don ta san akwai mai tsaya mata. Sannan suna danne Rashawan da ke cikinsu, sun hana su takardar zama ɗan ƙasa, suna tumɓuke gumakan sojojin da suka cece su daga Hitila. Mu nan Nijar mun san irinsu. Ko kun manta sojojin Istoniya sun zauna a Gao ta Mali ƙarƙashin rundunar Barkhane suna taya Faransa? Me ya kawo mutumin ƙanƙara Sahel in ba aike ba?

Baba Injiniya:
Ɗana na Maraɗi, sannu da zafin rai. Ni a Leningrad, wato Petersburg ta yau, na yi karatu daga 1981 zuwa 1987 da kuɗin gwamnatin Sobiyet, gurasarsu na ci, harshensu na iya, har yau ina da abokai a can, don haka ba za ka kira ni ɗan koren Yamma ba. Amma bari in ba ka labarin abin da ya same ni.

Lokacin hutu mukan hau jirgin dare mu wayi gari a Talin, saboda ɗalibai na cewa ita ce Turai ta cikin gida. Mutanen arewacin ƙasar suna kama talabijin ɗin Finlan, shagunansu sun fi namu kaya. Ran nan na shiga wani gidan shan gahawa a tsohon gari, na yi wa matar gaisuwa da Rashancina mai kyau, na faɗi abin da nake so. Ta dube ni kamar bango. Na maimaita, ta ci gaba da goge kofi. Na ɗauka baƙar fatata ce matsalar, har raina ya soma ɓaci. Sai wani ɗan Ghana da muke tare ya yi mata Turanci. Wallahi nan take fuskarta ta sake, ta kawo gahawa har da ƙarin waina. Ashe ba ni take ƙi ba, harshen da na zo da shi take ƙi. A ranar na fara zargin cewa zumuncin al'ummomi da ake karanta mana a aji akwai sauran magana a ƙarƙashinsa.

Sai daga baya na san dalili. Ranar 23 ga Agusta 1939 Stalin da Hitila suka ƙulla yarjejeniya, da wani ɓoyayyen shafi da suka raba ƙasashen tsakaninsu kamar naman watanda. Istoniya ta faɗo rabon Mosko. Aka tilasta mata karɓar sansanonin soja, a watan Yuni 1940 aka mamaye ta, a Agusta aka ce ta shiga Tarayyar Sobiyet da son ranta. Daren 14 ga Yuni 1941 aka bi gida-gida aka kwashi mutum wajen 10,000 a taragun dabbobi zuwa Sibiriya, aka raba maza da iyalansu a tasha. A Maris 1949 aka sake kwasar wajen 20,000, galibi mata da yara da tsofaffi. Shugaban ƙasarsu Konstantin Päts a asibitin masu taɓin hankali ya mutu a Rasha a 1956. A ƙasa mai mutum miliyan ɗaya da 'yan kai, da wuya ka sami gidan da abin bai taɓa ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ba NATO ce ta koya musu tsoro ba, tsoron ne ya kai su NATO.

Malam Nasiru Zariya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ina so in ɗan ja zaren baya, don kada a ɗauka tun fil azal gaba ce tsakaninsu. Na fi shekara goma ina koyar da tarihi, kuma abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne, azzalumin manomin Istoniya na ɗaruruwan shekaru ba Barashe ba ne, Bajamushe ne. Tun ƙarni na 13 mayaƙan Jamus da na Denmak suka ci ƙasar da yaƙi, jikokin Jamusawan suka zama masu gonaki, 'yan ƙasa suka zama bayin gandu. Sarauta ta yi ta sauya hannu, Suwidin ta zo ta riƙe, amma mai gandu bai sauya ba.

A wannan Narva da Auwalu ya je ne Sarkin Suwidin Charles na 12 ya yi wa rundunar Peter Babba kaca-kaca a 1700. Peter ya koma ya yi shiri, ya dawo ya ci garin a 1704, Talin ta miƙa wuya a 1710, yarjejeniyar Nystad ta 1721 ta tabbatar masa da ƙasar. To me ya yi? Ya bar wa Jamusawan gandayensu da kotunansu da cocinsu da harshensu. Wato sarauta ta Rasha, bulala ta Jamus. Shi ya sa a shekarun 1840 dubban manoma suka bar cocin Lutheran suka koma cocin Otodoks na Sarkin Rasha, bisa jita-jitar cewa wanda ya bi addinin sarki za a ba shi gona. Gonar ba ta zo ba. Amma ka ga a lokacin Mosko da Petersburg wurin kai kuka ne.

Abin ya soma juyawa a shekarun 1880 zamanin Alexander na Uku, da aka ce dole makaranta da kotu su koma Rashanci. Har sunan jami'ar garin Tartu aka mayar Yuryev a 1893. Babban cocin nan mai ƙubbobi da ke kan tudu a Talin daura da majalisa, a 1900 aka gama shi, don kowa ya san mai gari. Sai dai an makara, don mutanen sun riga sun farka, suna da jaridunsu, sun fara babban bikin waƙoƙinsu tun 1869. Da daular ta rushe suka ayyana 'yanci ranar 24 ga Fabrairu 1918, suka yi yaƙi da Jar Runduna, wato sojan Sobiyet, da kuma sojan Jamusawa, suka yi nasara. Ranar 2 ga Fabrairu 1920 a Tartu gwamnatin Lenin ta sa hannu cewa ta saki duk wani iko a kan Istoniya har abada. Har abadan nan shekara ashirin ta yi.

Ɗan Maraɗi:
Malam, na ji, amma kun tsallake wuri mai ƙaiƙayi. Da Hitila ya shigo a 1941 da furanni suka tare shi. Sun yi runduna guda a cikin Waffen SS, dakarun jam'iyyar Hitila. An kashe Yahudawa a ƙasar. Waɗannan ne kuke so in tausaya wa? Tarayyar Sobiyet ta yi asarar mutum sama da miliyan 20 a yaƙin nan.

Baba Injiniya:
Wannan gaskiya ce, ba zan musa ba. Yahudawan ƙasar da ba su gudu ba, wajen 1,000, kusan duk an hallaka su, kuma da hannun wasu 'yan ƙasar a ciki. An kawo wasu daga waje aka kashe a sansanoni irin Klooga. Wannan tabo ne, kuma duk ɗan Istoniya mai gaskiya ya san da shi. Amma ka lura da lissafin kwanaki. Jamusawa sun iso ne makonni kaɗan bayan daren taragun nan na Yuni 1941. Wanda aka kwashe masa uwa jiya, ko shaiɗan ne ya kori mai kwasar zai yi masa tafi, kafin ya gane shi ma macuci ne. Sannan Sobiyet ta ɗebi samari dubbai ta sa a Jar Runduna a 1941, Jamus ta ɗebi nata a 1944. Aka wayi gari wa da ƙane suna harbin juna cikin kakin baƙi biyu. Da Jar Runduna ta dawo a kakar 1944, mutum wajen 70,000 suka tsere ta teku zuwa Suwidin da Jamus, wasu suka shiga daji suka yi ta yaƙin sari-ka-noƙe har cikin shekarun 1950. Mai ceto in ya kore maka ɓarawo yakan koma gidansa ne. Wannan ya zauna har 31 ga Agusta 1994, ranar da sojan Rasha na ƙarshe suka fita.

Habu Mai Mota:
Ni dai duk wannan tarihin ya fi ƙarfina. Abin da na sani, Bolt ɗin da nake ja a Abuja an ce kamfanin 'yan ƙasar nan ne. Auwalu in ka haɗu da su ka gaishe su.

Auwalu Fagge:
Yaya Habu za su ji, hedikwatarsu ma a nan Talin take. Baba da Malam, na gode, kun warware min rabi. Saura rabin: su waɗannan Rashawan na Narva daga ina suka fito, tunda an ce da ba haka garin yake ba?

Malam Nasiru Zariya:
Kafin yaƙi 'yan Istoniya ne suka fi yawa a Narva, kodayake akwai Rashawa da dama tun da can. A Maris 1944 jiragen Sobiyet suka yi wa garin ruwan bama-bamai, faɗan da ya biyo baya ya ƙarasa abin da ya rage. Da aka tashi sake ginawa, galibin tsofaffin mazauna ba a bar su sun dawo ba. Aka kawo ma'aikata daga sassan Tarayyar don masaƙar Kreenholm, wadda a ganiyarta ta ɗauki sama da mutum 10,000, da mahaƙan dutsen mai da tashoshin lantarki na yankin. Kusa da nan akwai Sillamäe, garin da aka rufe ruf saboda aikin yuraniyom. A Talin aka gina unguwar Lasnamäe mai dogayen benaye. Ga alƙaluma: a ƙidayar 1934 'yan Istoniya kashi 88 ne cikin ɗari, Rashawa kashi 8. A ta 1989 'yan Istoniya sun sauko kashi 61 da ɗoriya, Rashawa sun kai 30. Kuma ɗan ƙasa dole ya koyi Rashanci, baƙo kuwa ba dole ya koyi harshen gari ba. Mutanen suka ga in aka ƙara shekara talatin a haka za su zama tsiraru a gidan ubansu.

Amma kada a haɗa kowa a kwando ɗaya. A gaɓar tafkin Peipus akwai ƙauyukan Rashawa masu bin tsohuwar ɗariƙar Otodoks, waɗanda kakanninsu suka gudo daga tsanantawar cocin Mosko fiye da shekara 300 da suka wuce. Masunta ne da manoman albasa. Su 'yan ƙasa ne tun 1920, ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda.

Barista Rabi:
Sallama ga manya. Tunda an zo kan takarda, bari in sa baki, don nan ne ainihin ƙullin. A 1991 Istoniya ba ta ce ta kafa sabuwar ƙasa ba. Cewa ta yi ƙasar 1918 ce ba ta mutu ba, mamaye ta aka yi, yanzu ta farfaɗo. Wannan matsayi yana da sakamako. A 1992 aka dawo da dokar zama ɗan ƙasa ta 1938: duk wanda yake ɗan ƙasa kafin Yuni 1940, da zuriyarsa, ɗan ƙasa ne, ko da Barashe ne. Wanda ya zo bayan nan kuwa sai ya nema, ya ci jarrabawar harshe da ta tsarin mulki. Dare ɗaya kusan kashi 32 cikin ɗari na mazauna ƙasar suka tashi ba su da ƙasa. Wasu suka yi jarrabawa, wasu suka karɓi fasfon Rasha, wasu suka koma can, sauran aka ba su fasfo mai ruwan toka na baƙo. Yau masu ruwan tokan sun ragu zuwa wajen 60,000, masu fasfon Rasha wajen 80,000. Tun 2016 yaron da marasa ƙasa suka haifa a can yana samun zama ɗan ƙasa kai tsaye.

A shari'ance hujjar Istoniya tana da ƙarfi, don mai mamaya ba shi da hurumin sauya al'ummar ƙasar da ya mamaye. Amma ni abin da ke damuna shi ne, a ƙuri'ar raba gardama ta Maris 1991 kusan kashi 78 suka zaɓi 'yanci, kuma lissafi ya nuna da ƙuri'un Rashawa da dama a ciki. Mutum ya tsaya tare da kai ranar wuya, ranar rabo ka ce ya kawo shaidar kakansa. Mu da muka san ciwon takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wanda aka haifa a gari ya tsufa a gari amma a ce masa baƙo, bai kamata wannan ya wuce mu ba tare da mun ji wani abu ba. Sannan a Maris 2025 majalisa ta gyara tsarin mulki ta cire wa masu fasfon Rasha da Belarus damar zaɓen ƙananan hukumomi, wadda suke da ita shekara da shekaru.

Ɗan Maraɗi:
Yawwa Barista, Allah ya biya ki. Abin da nake faɗi ke nan tun ɗazu.

Barista Rabi:
A'a Malam, kada ka ja ni inda ban je ba. Cewa na yi an ƙuntata wa wasu, ban ce maƙwabci ya sami lasisin shigowa da tankoki ba. Da sunan kare masu jin Rashanci aka shiga Yukren, kuma garuruwan da aka fi rugurguzawa, irin Mariupol, na masu jin Rashancin ne.

Malama Hadiza Gusau:
Ni ta makaranta nake ji. Na karanta cewa tun Satumbar 2024 suka fara mayar da makarantun Rashanci zuwa Istoniyanci, daga rainon yara da aji ɗaya da aji huɗu, ana son kammalawa zuwa 2030. Na shekara 19 ina koyar da 'yan aji ɗaya. Na san idon yaron da aka yi wa lissafi da harshen da ba a yi masa magana da shi a gida. Yakan yi shiru ne, a ce daƙiƙi ne, alhali ba haka ba ne. To a garin da Auwalu ya ce ko a shago ba a jin harshen, wa zai taya yaro aikin gida? Malaman kuma da suka tsufa suna koyarwa da Rashanci, aka ce sai sun ci jarrabawar harshe mai tsauri ko su ajiye alli, ina za su?

Auwalu Fagge:
Anti Hadiza, abin da ake ta muhawara a kai ke nan a nan ma. Har ƙarin albashi gwamnati ta sa don jawo malamai zuwa yankin, don ba su isa ba. Amma ɗaya ɓangaren shi ne, shekara talatin aka bar makarantu biyu suna tafiya kowa da hanyarsa, sakamakon shi ne yarinyar shagon nan da ba ta iya sayar wa ɗan ƙasarsu shayi da harshen ƙasa ba. Jami'a da aikin gwamnati duk da Istoniyanci ne, don haka yaron Narva tun daga firamare aka rufe masa ƙofa. Akwai iyaye Rashawa da tun kafin doka suke kai 'ya'yansu makarantar Istoniyanci saboda haka.

Bari in ba ku labarin matar da nake haya a gidanta a Lasnamäe, don ita ce ta sa na je Narva. Ta haura saba'in. A Narva aka haife ta, iyayenta an turo su aikin masaƙa ne bayan yaƙi, ita ma a masaƙar ta yi ƙuruciyarta. Fasfonta mai ruwan toka ne. Na tambaye ta me ya hana ta yin jarrabawa, ta ce da farko fushi ne, don me za a yi mata jarrabawa a garin da aka yanke mata cibiya, daga baya kuma tsufa ya zo. Sannan da ruwan tokan tana shiga Rasha ba biza, kuma ƙanwarta tana aure a tsallaken kogi. Jikanta kuwa fasfonsa na Istoniya ne, bara ya gama aikin soja na dole, hotonsa da kaki yana kan talabijin ɗinta, gefen hoton mahaifinta da lambobin Jar Runduna a ƙirji. Ranar 9 ga Mayu, ranar tunawa da nasarar Sobiyet a kan Hitila, takan saye jan fure ta tafi maƙabartar sojoji. Maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa, 'yar Istoniya, ranar 25 ga Maris take kunna kyandir, don a ranar aka tafi da kakarta. Suna gaisawa, suna aron gishiri, har mabuɗin juna suke riƙewa. Amma wata ba ta taɓa tambayar wata ina za ki da fure ba.

Baba Injiniya:
Auwalu, wannan maƙabarta da take zuwa, ai can aka mayar da Sojan Tagulla, gunkin tunawa da sojojin Jar Runduna. Ɗan Maraɗi ya ce ana tumɓuke gumaka, to ga yadda aka yi. Gunkin yana tsakiyar Talin tun 1947. A Afrilun 2007 gwamnati ta ɗauke shi ta kai maƙabartar soja, ba fasa shi aka yi ba. Aka yi dare biyu ana tarzoma, aka fasa shaguna, mutum ɗaya ya mutu. A Mosko matasa suka yi wa ofishin jakadancin Istoniya ƙawanya. Sai kuma aka yi makonni ana kai wa shafukan intanet na bankuna da jaridu da gwamnati hari. Shi ya sa NATO ta kafa cibiyar tsaron intanet a Talin a 2008. Ni a ganina gwamnatin ta yi gaggawa, ana saura kwana kaɗan 9 ga Mayu, ta san za ta taɓa wa mutane zuciya. Amma wanda ya hura wutar daga waje shi ma ya san abin da yake yi.

Abin da ke ba ni takaici, akwai lokacin da abin bai lalace haka ba. A Janairun 1991, da tankokin Gorbachev suka kashe mutane a Vilnius, babban birnin Lituwaniya, Yeltsin da kansa ya taso ya zo Talin ya goyi bayan ƙasashen Baltik. Da suka maido da 'yanci ranar 20 ga Agusta 1991, Rasha ta Yeltsin ta amince da su cikin kwana huɗu, kafin Tarayyar Sobiyet kanta.

Malam Nasiru Zariya:
Kuma har yau ba su da yarjejeniyar iyaka da aka tabbatar. A 1944 da 1945 Stalin ya yanke yankin Petseri da gabashin kogin Narva, wajen kashi 5 cikin ɗari na ƙasar, ya haɗa da Rasha. Istoniya ta haƙura da filin. Aka sa hannu a 2005, majalisarta ta ambaci yarjejeniyar Tartu a gabatarwar dokar, Mosko ta janye hannunta. Aka sake sa hannu a 2014, har yau tana nan a ajiye. A Satumbar 2014 ɗin, kwana biyu bayan ziyarar Obama, aka sace jami'in tsaron Istoniya Eston Kohver a bakin iyaka, sai bayan shekara aka yi musayarsa a kan gada. A Yunin 2022 Putin ya yi jawabi yana yabon Peter Babba, ya nuna cewa yaƙinsa maido da ƙasar Rasha ne ba ƙwace ba, har ya ambaci Narva. Wata biyu bayan nan gwamnatin Kaja Kallas, firaministar Istoniya a lokacin, ta ɗauke tankar T-34 da ke girke a gefen garin ta kai gidan tarihi. Ita Kallas ɗin, mahaifiyarta tana jaririya 'yar wata shida aka tafi da ita Sibiriya a 1949, kuma a 2024 Rasha ta sa sunanta cikin waɗanda take nema. A Mayun 2024 masu gadin iyakar Rasha suka zo da dare suka kwashe alamomin kan ruwa fiye da 20 daga kogin. Ɗan Maraɗi, in maƙwabcinka yana cire turakun iyakar gonarka da dare, yana kuma faɗa a kasuwa cewa gonar ta kakansa ce, me za ka yi?

Ɗan Maraɗi:
Zan nemi mai taya ni, Malam, ban ƙi ba. Mu ma abin da muka yi ke nan, sai dai mu wanda ya cuce mu daga Yamma ya zo, shi ya sa muka duba Gabas. Ban sauka daga ra'ayina kan NATO ba, kuma zuwansu Gao har yanzu yana min ciwo. Amma tsohuwar nan ta Auwalu ta tsaya min a rai. Da aka rufe iyaka a 2023, gwaggona tana jinya a Katsina, tafiyar da ba ta fi awa biyu ba, sai ta hanyar daji a kan babur muka riƙa kai mata kuɗin magani. Waɗanda suka rufe ɗin ba wanda ya san sunanta.

Malam Nasiru Zariya:
Akwai ma masu irin wannan a kudu maso gabashin ƙasar, ƙabilar Seto. Iyaka ta ratsa tsakiyar ƙasarsu, ƙauyuka a Istoniya, babban gidan ibadarsu na Petseri da kaburburan kakanni a Rasha.

Malama Hadiza Gusau:
Auwalu, tambaya ɗaya. Su mutanen Narva da kansu, in aka ce su zaɓa, ina za su?

Auwalu Fagge:
Anti, ban isa in yi magana da yawun gari guda ba, yini ɗaya na yi. A 1993 an taɓa yin ƙuri'ar neman cin gashin kai a can, kotu ta soke, maganar ta mutu. Waɗanda na zanta da su, har da mai tasi da ya zagi gwamnatin Talin tun daga tasha har bakin ganuwa, da na ce to ko zai koma tsallake, dariya ya yi ya ce ya san kuɗin fansho na can, ya kuma san yadda titunan Ivangorod suke. Akwai masu kallon tashoshin Mosko ta tauraron ɗan'adam duk da an hana, akwai masu tara wa 'yan gudun hijirar Yukren kaya, wani lokaci a gida ɗaya. Tun 2023 duk 9 ga Mayu Rasha takan kafa dandamali a bakin kogi ta juyo da lasifika wajen Narva, mutane su taru a wannan gaɓar suna kallo, a jikin ganuwar kuma a rataye ƙyalle mai kiran Putin mai laifin yaƙi.

Na tambayi mai gidana irin tambayarki. Ta ce ita ba 'yar Putin ba ce, ba kuma 'yar Kallas ba ce, 'yar Narva ce, sai ta tura min faranti ta ce in ci kafin ya huce.

Baba Injiniya:
Ka gaishe ta, ka ce wani tsohon ɗalibin Leningrad yana yi mata fatan alheri. In ka sake zuwa gabas ka biya ƙauyukan bakin tafkin nan ka ɗauko min hoton albasarsu, in gwada da ta Aliero.

Auwalu Fagge:
In sha Allahu Baba, amma sai kaka, yanzu ƙanƙara ta rufe komai. Asabar mai zuwa ma zan raka ta tasha da asuba in ɗaukar mata jaka, ƙanwar ce ba lafiya, za ta je ta bi layin gada. Ta ce in ta samu tsallakawa kafin a rufe za ta kira ni, in ba ta samu ba akwai wata tsohuwar abokiyar aikinta ta masaƙa da za ta kwana a wurinta.